Tafiya Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi Kafin Bazara Ta Kankama

A Turai, idan watan Maris ya kama, masu yawon buɗe ido kan rabu biyu: masu hanzarin cin moriyar sauran ƙanƙarar da ke kan duwatsu, da waɗanda ba ruwansu da wasan sulu, ƙauyuka da hanyoyin ƙafa kawai suke nema. Mu a nan ba mu da ƙanƙara sai ta leda da ake rububinta da azumi. Abin da muke da shi shi ne 'yan makonni tsakanin tafiyar hunturu da zaman bazara, daga tsakiyar Fabrairu zuwa tsakiyar Maris. Hazo ya fara yayewa, sanyin asuba ya daina sara, zafin Afrilu mai haura digiri 40 kuma bai iso ba. Duk mai niyyar zaga arewacin Zamfara, wannan ne lokacinsa.

Dalili na farko ruwa ne. Gulbin Gagare da ke bi ta Ƙauran Namoda da Gulbin Bunsuru da ke ratsa ƙasar Zurmi, waɗanda ke haɗuwa can gaba su zama Gulbin Rima, da damina sukan raba ƙauyuka da birni. A wannan lokaci kuwa sun janye, sai rairayi da 'yan tafkuna, masu noman rani na ban ruwa ga albasa da tattasai a fadama. Hanyar burjin da mota ke kafewa a cikinta a watan Agusta ta bushe ƙayau.

Abin gani kuwa akwai shi. Wanda ya taso daga Funtuwa, tun kafin ya shiga Gusau zai yi ido biyu da Dutsen Kwatarkwashi, wanda ba a buƙatar a nuna wa baƙo shi. Daga Gusau, tafiyar kimanin kilomita 60 ce zuwa Ƙaura, garin da ya ci sunan Namoda, jarumin Alibawa da ke cikin waɗanda suka ci Alƙalawa a 1808. Nan ne layin dogon da ya taso daga Zariya ya tuƙe a 1929, don kwasar gyaɗa da auduga, kuma shi ya jawo 'yan kasuwa daga kudu suka zauna. Sarkin garin har gobe Sarkin Kiyawa ake ce masa, sunan tsohon birnin da ke yankin. A Ƙaura hanya ke rabuwa: ɗaya ta yi Shinkafi, mai kasuwar Alhamis da ta yi suna wajen dabbobi da hatsi, ta zarce Isa da Sabon Birni, ɗayar ta yi Zurmi, ta ɓulle Jibiya da Katsina. A ƙasar Zurmi ne Dutsi take, inda tarihin baka ya ce sarautar Zamfara ta fara, kafin a koma Birnin Zamfara da Gobirawa suka ci a ƙarni na 18.

To amma ranin da ya buɗe wa matafiyi hanya, shi ne ya buɗe wa ɓarayin daji. Babur ɗin da gulbi ke tarewa da damina yanzu ketarawa yake. Dazuzzukan Dumburum da Sububu sun daɗe da zama mafakar 'yan bindiga, kuma hanyoyin Ƙaura zuwa Shinkafi da Zurmi zuwa Jibiya suna cikin waɗanda aka fi tarewa ana garkuwa da mutane. A watan Satumba na 2021 sai da hukuma ta katse layukan waya a duk faɗin jihar, ta rufe kasuwannin mako. A farkon 2024 gwamnatin Dauda Lawal ta ƙaddamar da Askarawan Zamfara. Duk da haka, mutumin yankin ba ya ɗaukar hanya sai ya yi tambaya, kuma ba ta jiya yake tambaya ba, ta safiyar yau.

Saboda haka shirin wannan tafiya ba da taswira yake farawa ba, da mai masauki yake farawa. Wanda ba shi da ɗan gari da zai kira ya ce masa "taso" ko "dakata", a ganina bai shirya ba, ko da tankinsa cike yake. Bayan mai masauki sai direbobin tasha, domin labarin hanya kan riske su kafin ya kai gidan rediyo. Idan suka ce yau ba lodi, kada a nemi shatar mota don a nuna jarumta. Ba a sammakon asuba, ba a kuma yarda la'asar sakaliya ta riski mutum a daji. A tashi da hantsi, lokacin da motoci suka fara jerin gwano. Ranar kasuwa kuwa kaifi biyu gare ta: abokan tafiya sun fi yawa, masu jiran 'yan kasuwa ma sun san da ita. Mai masauki ne zai raba wannan gardama. Kufai da duwatsun da ke nesa da kwalta, irin su Dutsi, a jingine su tukuna, sai ƙura ta lafa.

Akwai kuma lafiyar jiki, wadda maganar tsaro kan sa a manta da ita. Wannan ne lokacin sanƙarau, kuma annobar da ta ɓarke a ƙarshen 2016 zuwa 2017 a Zamfara ta faro, nan ta fi yin ɓarna. A yi rigakafi kafin a taso, a guji kwana a cunkushe cikin ɗaki marar iska. A riƙi ruwa fiye da yadda ake zaton za a sha, da rawani ko gyale saboda ƙura, da 'yar rigar sanyi don dare. A 'yan shekarun nan azumi na faɗowa cikin waɗannan makonni, don haka mai tafiya ya tuna cewa shari'a ta yi masa rangwame.

Idan an isa, a fara da gaida manyan gida, a miƙa tsarabar goro ko sukari. Kada a ɗaga waya ana ɗaukar hoton shingen sojoji ko na askarawa. Kada kuma a zauna a majalisa ana tambayar wane ƙauye ne ke biyan ɓarayi kuɗin noma. Baƙo zai koma gida jibi, wanda ya amsa masa kuwa a garin zai kwana, kuma tsoron masu kai wa ɓarayi rahoto ya sa ba kowa ne ke sakin baki a gaban kowa ba.