Yawon Ganin Dorina a Kogin Kwara

A ƙasashen da ke bakin teku akwai wata al'ada wadda mu mutanen tudu ba mu saba da ita ba. Idan an ba yara hutun makaranta, sai maigida ya kwashi iyalinsa, su yi hayar jirgin ruwa irin wanda iska ke turawa, su shiga teku. Ba fatauci ke kai su ba, ba kuwa kamun kifi ba, sai kallon wata dabba da a ke kira dolfin. A ƙauyen Kizimkazi, kudancin tsibirin Zanzibar, kai baƙi wannan kallo ya zama sana'ar mutane da yawa. Akwai ta a tekun Ikko, akwai ta kuma a Bahar Maliya, inda alhazanmu na da su ke ƙetarewa daga Sawakin zuwa Jidda.

Wanda ya ga dolfin zai rantse kifi ne, amma ba kifi ba ne. Haihuwa ta ke yi, ta shayar da ɗanta nono, sa'an nan tilas ta riƙa tasowa ta shaƙi iska ta wata kafa da ke tsakar kanta. To, ga abin mamaki. Masana halittar dabbobi sun bincika ƙashi da jini, sun tabbatar cewa a cikin dabbobin tudu da ke raye yau, babu wadda ta fi kusa da dolfin a dangantaka kamar dorina. Tushensu ɗaya, sun rabu tun shekara wajen miliyan 55 da suka wuce. Watau mutumin Funtuwa ko Malumfashi da ke son nuna wa 'ya'yansa irin wannan halitta ba sai ya je Zanzibar ba, 'yar'uwarta tana nan a Yawuri.

Mun tambayi ɗalibai masu koyon aikin malanta ko mene ne dorina. Mafi yawansu suka ce bulala ce. Ba su yi ƙarya ba, da fatarta a ke yin bulalar, amma abin takaici ne a ce wanda zai koyar da labarin ƙasa gobe bai san dabbar ba sai ta hanyar duka. Muka sake tambaya, ina mafarin Gulbin Sakkwato? Aka yi tsit. Alhali kuwa a nan kusa da Funtuwa ya ke tasowa. Ruwan da ya sauka a gonakin audugarmu da masararmu shi ne ke gangarawa ya wuce Gusau, ya taru a madatsar Bakolori wadda aka gama a 1978, ya haɗu da Rima a Sakkwato, ya juya kudu ta Argungu da Birnin Kebbi, ya faɗa Kwara, daga nan ya biyo ta gaban Yawuri. Yaron da aka kai can, bin sawun ruwan garinsu ya yi.

Mun taɓa yin wannan tafiya da iyali a wani hutun ƙarshen shekara, bayan an kai auduga kasuwa, tun hanya tana da lafiya. Muka bi ta Birnin Gwari da Tegina da Kwantagora. Lokacin ya dace, domin Kwara a Yawuri sau biyu ta ke cika. Akwai farin ruwa na daminarmu, mai laka, wajen watan Satumba, akwai kuma baƙin ruwa mai tsabta wanda ke isowa da hunturu. Shi baƙin ruwan damina ce ta ƙasar Gini, sai ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali kafin ya iso mu. Yaro ya tsaya cikin hazo da sanyi, ciyawa duk ta bushe, ga kogi kuwa yana ƙaruwa. Wannan darasi ba mu taɓa iya koyar da shi a allo yadda ya zauna a kai ba.

Da asuba muka shiga kwalekwale. Matuƙinmu dattijo ne daga cikin Sarkawa, masuntan da suka gaji ruwan nan tare da Gungawa mazauna tsibirai. Kafin ya tura jirgi sai da ya jera yaran a tsakiya, ya ce, "Malam, ka gaya musu, ba a tsayuwa, ba a sa hannu a ruwa, in mun gan ta kuwa ba a ihu." Muka yi tafiyar sa'a guda ba mu ga kome ba sai zalɓe da masu jefa birgi. Har ƙaramin ya fara cewa, "Baba, ko ta yi ƙaura ne?" Can sai dattijon ya ɗaga filafili ya nuna. Abin da muka gani kunnuwa biyu ne da idanu da hanci a bisa ruwa, kamar kututture. Ta yi huci, ruwa ya tashi, ta nutse. Muka ƙidaya da agogo, ba ta taso ba sai bayan minti huɗu, kuma ba a inda ta nutse ba. Matuƙi bai yarda ya matsa ba ko taki ɗaya, mu ma ba mu roƙe shi ba.

Abin da ke ƙarƙashin kunnuwan nan ba ƙarami ba ne. Namijin dorina ya kan kai kilo 1,500, nauyin buhun masara 15 ke nan, wani ma ya ninka haka. Ba ta iya iyo sosai ba, tafiya ta ke yi a ƙasan ruwa tana tunkuɗa da ƙafa. Yini ta ke a ruwa saboda fatarta ba ta jimre rana, da dare ta fito kiwo, ta ci ciyawa wajen kilo 40 kafin gari ya waye.

Nan ne fa rigimar ta ke, kuma manomin ƙasarmu zai gane ta nan da nan. Dorina ba ta san bambancin ciyawa da shinkafar mutum ba. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsohuwar Busa da tsibirai masu yawa, aka sami tafki mai tsawon mil 80 da ɗoriya, mutane suka koma noma bakin ruwa, wurin da dabbar ke kiwo. A 2024 wata dorina ta kashe wani mutum a Yawuri, aka yi makonni a na farautarta, aka kashe ta har da ɗanta, aka raba nama. Ba za mu zargi wanda aka kashe wa ɗan'uwa ko aka cinye wa gona ba. Amma dorina ɗa ɗaya ta ke haifa bayan ciki na wata takwas, kuma tun 2006 aka sa ta cikin jerin dabbobin da a ke tsoron ƙarewarsu. A ganinmu, in masunci ya san dorina mai rai za ta kawo masa kuɗin haya daga baƙi kowace shekara, zai fi kowane ma'aikacin daji tsaron ta. Bikin Rigata na Yawuri, wanda asalinsa gwajin jaruntakar Gungawa ne a kan dorina, ya riga ya nuna mutane za su zo kallon ruwa.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauki wannan magana ya kwashi yara ya zuba a kowane jirgi. A watan Mayu 2021 jirgi ya tsage a kusa da Wara, cikin ƙasar Ngaski, mutum fiye da 70 suka halaka. A ƙarshen Nuwamba na shekarar nan kuma wani ya kife a madatsar Watari ta Bagwai, aka rasa aƙalla mutum 29, yawancinsu yara 'yan makarantar Islamiyya. Ba dorina ce ta kife su ba. Lodi ne ya wuce kima, ga tsufan jirgi. Yaranmu na tudu kuwa, ban da 'yan kaɗan da ke wanka a dam ɗin Mairuwa, ba su iya ruwa ba ko kaɗan. Saboda haka maigida ya yi hayar jirgin shi kaɗai da iyalinsa, ya duba katakon da idonsa, kowane yaro a ɗaura masa rigar da ke hana nutsewa, kuma a fito kafin la'asar. In mai jirgi ya ce ba shi da rigunan, a nemi wani.

Saura batun hanya. Wadda muka bi ta Birnin Gwari 'yan bindiga sun ɓata ta shekaru da dama, dajin Borgu ma, inda dorina ke kwance a kogin Oli, ba wurin kai yara ba ne sai an tabbatar da lafiyarsa. Kada kowa ya tashi sai ya tambayi direbobin tasha da hukuma. Wanda Yawuri ta yi masa wuya, akwai garken dorina a madatsar Dadin Kowa ta jihar Gombe, a bisa kogin Gongola, a kan bi ta Kano ko ta Zariya a kai can. Shugabannin makarantun da ke son kai ɗalibai su fara rubuta wa ofishin ilmi tun farkon zango, su faɗi yawan yara da malaman da za su raka su, domin a sami lokacin neman izinin iyaye.