Shirin Musamman: Yaron da Kwalaj ke Mantawa da Shi

 Shirinmu na yau kan yara masu buƙata ta musamman ne, waɗanda suka yi ta fama har suka gama firamare, suka shiga kwalaj.

A firamare malami ɗaya ke riƙe da aji shekara guda cur. Ya san wanda ba ya ji sosai, ya san wadda sai ta matso kusa take ganin allo. Daga ajin sizyam, ajin farko na kwalaj, wannan gata ya ƙare. Malamin lissafi ya fita, na Faransanci ya shigo, kowa da sa'arsa, aji kuma cike maƙil. Malam ya juya baya, yana rubutu yana bayani. Yaron da ke duban leɓe kafin ya gane magana, shi ke nan darasi ya wuce shi. In sakamako ya fito sai a ce daƙiƙi ne, alhali kunne ne ke ciwo, kai lafiya lau.

Doka dai tana nan. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, ta kuma yi tata dokar a watan Disamba na 2019. Akwai makarantar makafi ta Soli Abdurahaman a Yamai, inda ake koyar da rubutun Braille mai ɗigo 6, akwai ta kurame a cikin Maradi. To amma manomin gero na ƙauye, wa zai ba shi masauƙin ɗansa a birni?

Shi ya sa nake ganin aikin yana hannun kwalajin da ke kusa da gida, kuma rabinsa bai buƙatar ko dala. A zaunar da yaron a bencin gaba. Malam ya fuskanci aji in zai yi magana, ya karanta da ƙarfi abin da ya rubuta. A haɗa yaron da abokin da zai ba shi aron littafi. Gangara a ƙofar aji domin mai keke, da ban ɗaki mai faɗin ƙofa, waɗannan kam sai kwamitin iyaye da ma'aikatar magajin gari sun sa hannu.

Iyaye, tun ranar da aka koma makaranta ku je ku shaida wa darakta lalurar ɗanku, kada ku jira sakamakon zangon farko.