Yadda Ake Tsara Fili Kafin A Sa Masa Fartanya

A cikin shekarar 1985 wani mutumin ƙasar Ostareliya mai suna David Holmgren ya kama wani fili a gefen garin Hepburn Springs, cikin Jihar Biktoriya, wanda gaba ɗayansa bai wuce eka biyu da rabi ba. Filin gangare ne mai kwari a gindinsa, wata ƙaya mai yaɗo da aka kai ƙasar daga Turai ta rufe shi, ga shi kuma a yankin da masu haƙar zinariya suka daddagule tun ƙarni na 19. Wannan wuri, da ya sa wa suna Melliodora, yau ya zama gida mai lambu da itatuwan marmari da awaki da kaji da dinya, har mutane kan yi takakkiya daga ƙasashe don su gane wa idanunsu. Abin da ke kai su kuwa shi ne ganin yadda aka ajiye kowane abu a inda aka ajiye shi, da dalilin yin haka.

Shi wannan Holmgren yana ɗalibi a birnin Hobart na tsibirin Tasmaniya ya haɗu da Bill Mollison a 1974, mutumin da ya yi kamun kifi da aikin daji kafin ya zama malamin jami'a. Su biyun suka fitar da littafi a 1978 a kan wata hanyar tsara gida da gona da suka laƙaba wa suna famakalca, watau dawwamammen noma. Mollison ya rasu a 2016. Mutane da yawa sun ɗauka hanyar ba ta wuce daina zuba takin zamani da maganin ƙwari ba, alhali kuwa wannan reshe ne kawai. Tushen abin shi ne tsari: mene ne za a fara yanke shawara a kansa, mene ne kuma zai jira.

A nan ne maganar ta shafi ma'aikacinmu da ya yi shekaru yana tari har ya mallaki fuloti ko 'yar gona a bayan gari. Abin da aka saba gani shi ne a kewaye wurin da katanga, a kafa gini a tsakiya, sa'an nan idan damina ta faɗi a tarar ruwa yana kwanciya a ƙofar gida yana cin gindin bango, wajen da aka dasa mangwaro kuwa a bushe ƙayau. Wani injiniyan ma'adinai da ya koma noma a Ostareliya, P. A. Yeomans, wanda masu dawwamammen noma suka ɗebi ilmi da yawa a wurinsa, ya jera al'amuran fili tun a shekarun 1950 bisa wahalar sauya su. Yanayin sama ne a farko, sai sifar ƙasa, sai ruwa, sai hanyoyi, sai itatuwa, sa'an nan gine-gine da shinge, ƙasar noma kuma ita ce ta ƙarshe. Mai karatu zai yi mamakin ganin ƙasa a ƙarshe, amma hujjarsa ita ce ƙasar da ta gaji ana iya farfaɗo da ita da taki cikin 'yan shekaru, gidan da aka gina a kan hanyar ruwa kuwa sai dai rushewa.

Saboda haka shawarar farko da suke bayarwa ita ce a yi shekara guda cur ana kallon fili kafin a yi wani aiki mai tsada a cikinsa. A je lokacin da ake tsuga ruwa a ga inda yake shigowa da inda yake fita, a lura da inda ciyawa ta fi daɗewa da ɗanyenta bayan kaka, a san ta ina iska ke bugowa, ta ina dabbobin maƙwabta ke ratsawa. Duk waɗannan a zana su a takarda. A Biktoriya babban abin tsoro gobarar daji ce, domin wadda aka yi ran 16 ga Fabrairu, 1983 ta hallaka mutum 75 a jihar da maƙwabciyarta, don haka mai tsara gida a can tilas ya san ɓangaren da wuta za ta ɓullo, ya sa tafki ko lambu mai danshi a tsakaninta da gidan.

Holmgren ya datse kwarin nan ya yi tafkunan ban ruwa, ya gina gidansa da tubalin ƙasa, ya fuskantar da manyan tagoginsa arewa. To, a nan fa sai a yi hattara da kwaikwayo ido rufe. Ostareliya tana kudu da tsakiyar duniya, rana ta arewa take bi musu, kuma su ɗumi suke nema saboda sanyin hunturunsu. Mu a nan inuwa muke nema. Bangon yamma ne ke shan zafin la'asar, shi ya fi bukatar itace mai duhuwa. Hunturu daga arewa maso gabas yake kaɗowa da ƙura. Hadarin farkon damina kuwa daga gabas yake tasowa, abin da maginanmu na gargajiya suka daɗe da sani, shi ya sa suke ƙara kula da yaɓen bangon gabas. Ka'idar ɗaya ce, amsar ce ta bambanta.

Bayan ruwa da gini sai rabon fili, kuma ma'aunin da suke amfani da shi mai sauƙi ne ƙwarai: sau nawa ƙafarka za ta taka wurin? Abin da ake bukata kullum, kamar alayyafo da tattasai da albasa mai lawashi, a bakin madafa ya kamata ya zauna, inda uwargida za ta tsinka tukunya na kan wuta, inda kuma ruwan wanke hatsi zai isa gare shi ba tare da an ɗauki bokiti an yi tafiya ba. Gaba kaɗan akurkin kaji da itatuwan lemo da gwaiba, waɗanda ake leƙawa sau ɗaya ko biyu a yini. Can gaba gonar hatsi, bayanta makiyaya da itacen girki, daga ƙarshe kuma wani lungu da ake bari ba a taɓawa don a ga abin da ƙasar ke fitarwa da kanta. Lambun da aka kai ƙarshen fili saboda kada ya ɓata kyan tsakar gida, galibi ba ya kai wata uku a raye, ba don raggancin mai shi ba, sai don nisa.

Wannan rabo ba baƙo ba ne ga manomin ƙasar Kano. Gonakin karkara da ke jikin gari su ke samun takin gida da tokar murhu a bayan jakuna, a noma su kowace shekara ba hutu, na nesa kuwa su sami abin da ya samu. Haka nan gawon da ake bari a tsakiyar gona, wanda ke kaɗe ganyensa da damina ya bar wa gero rana, ya yi ganye da rani ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya, su kuma su bar kashinsu a gindinsa, ya cika sharaɗin da Mollison ya fi nanatawa, cewa kowane abu a fili ya yi aiki fiye da ɗaya. Misalin da shi ya fi so shi ne kaza: a rubuta abin da take bukata da abin da take bayarwa, sa'an nan a ajiye ta inda tononta zai zama sharar gindin itatuwa, kashinta ya zama taki, 'ya'yan itacen da suka faɗo masu tsutsa su zama abincinta. In aka kulle ta a wani lungu dabam, duk waɗannan ayyuka sun koma kan mai gida, ga kuma kuɗin dusa.

Lissafin ruwa shi ne wanda ya fi cancanta ɗalibi ya riƙe. Milimita 1 ta ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Ke nan rufin kwano mai murabba'in mita 100, a garin da ke samun milimita 800 a shekara, yana zubar da lita 80,000, watau durom 400 na lita 200. Akasarin gidajenmu kwata ake yi wa wannan ruwa a kore shi titi, sa'an nan a sayi na 'yan garuwa da bazara. Abin da tanki ba zai ɗauka ba, masu dawwamammen noma a cikin ƙasa suke ajiye shi. Sukan haƙa dogon rami a gicciyen gangare, wanda gindinsa ke daidai daga wannan kai zuwa wancan yadda ruwa ba zai gudu ko'ina ba, a tara ƙasar da aka haƙo ta yi kunya a ɓangaren gangare, a dasa itatuwa a kanta. Sanduna uku da igiya da dutse sun isa a auna daidaiton. Manoman Illela a Jihar Tawa ta Nijar suna cim ma wannan buri da ramukan tassa da kunyoyin rabin wata, waɗanda suka mayar da faƙo gona da su tun ƙarshen shekarun 1980.

Sai dai ba duk abin da masu wannan hanya ke faɗi ne za a haɗiye ba. Masana aikin gona sun sha kukan cewa gwaje-gwajen da aka auna amfanin irin waɗannan gonaki da sikeli kaɗan ne, labari ya fi lissafi yawa, kuma mutumin da ke samun kuɗi daga koyarwa da sayar da littattafai, kamar Holmgren, ba daidai yake da wanda rumbunsa kaɗai ya dogara da shi ba. Shi kansa ramin tare ruwan ba ko'ina ya dace ba. A gangare mai tsanani yana iya jiƙa ƙasa har ta zame, kusa da gini yana cin harsashi, a ƙasar laka kuwa ruwan kan kwanta ya zama gidan sauro, wanda a wurinmu zazzaɓin cizon sauro ke nan. Kafin a sa lebura haƙa, sai a tona ɗan rami mai zurfin kamu ɗaya a wurin, a cika shi da ruwa, a dawo a duba. In ya kwana biyu bai tsotse ba, a nemi wani wurin.