Birkin tirela: gwajin da ake yi tun mota na tsaye

Duk wanda ya taɓa kwana kusa da wurin da tireloli ke yada zango a Tafa ko Mararrabar Jos ya san ƙarar nan ta "tsss" da asuba. Iska ce, kuma da ita birkin tirela ke aiki. Injin kan mota ne ke tara ta a tankuna, tiyo biyu su kai ta bodi. A motocin Turai irin su DAF da MAN, jan tiyo ne ke cika tankin bodi, rawaya kuma shi ke kai saƙo idan direba ya taka birki. In robar bakin ɗaya ta tsage, bodin mai ɗauke da tan 30 na siminti zai riƙa tura kan mota, wani lokaci har ya naɗe shi.

Shi ya sa tsofaffin direbobi ba sa garaje. Sai allurar iska ta hau, sannan a kashe inji, a taka birki a riƙe minti guda, yaron mota na zagayawa yana kasa kunne. A jarrabawar lasisin manyan motoci a Amurka, in iskar mota mai bodi ta ragu fiye da psi 4 a wannan mintin, to akwai matsala. Daga nan a buɗe ƙasan tanki a zubar da ruwan da ya taru ciki, domin yana sa bawul tsatsa, a kuma leƙa kaurin takalmin birki a kowace taya.

Gwajin ƙarshe shi ne a ɗaure birkin bodi kaɗai, a sa giya, a ɗan ja. In ya motsa, ba tafiya.

Akwai wata mummunar dabara da ba direban da bai san ta ba: in birkin wata taya na yoyon iska, sai a toshe tiyonsa a ce "ai sauran za su riƙe". A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya suna riƙewa. A doguwar gangara irin ta Hawan Kibo, tsakanin Jos da Akwanga, nauyin kan koma kan ragowar tayoyin, ƙarfe ya yi zafi, birki ya shanye. Can ƙaramar giya ake sakawa tun daga sama.

Ranar 28 ga Yunin 2018, wata tankar fetur ta kama da wuta a gadar Otedola da ke Legas, motoci sama da 50 suka ƙone, hukumomi kuma suka ce birkinta ne ya tsinke. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, na duba tankoki a defo kafin lodi. Amma tirelar shanu ko ta masara da ke tashi daga kasuwar ƙauye, babu mai duba ta sai direba da yaronsa.