Saitin Kalmar Sirri da Izinin Shiga a Kan Sabar: Nazari daga Birnin New York

A shekarar 2014 masu kutse suka shiga kwamfutocin bankin JPMorgan Chase, wanda hedikwatarsa take birnin New York, suka kai ga bayanan magidanta miliyan 76 da na ƙananan kamfanoni miliyan 7. A watan Disamba na shekarar, jaridar New York Times ta ruwaito cewa an sace bayanan shiga na wani ma'aikaci, aka yi amfani da su a kan sabar guda wadda ba a sanya mata tantancewa mai mataki biyu ba, alhali wasu na da ita. Wannan maƙala ta dubi saitunan da ke hana irin haka, musamman a babbar manhajar Windows Server.

Idan aka kafa rumbun asusun ma'aikata na Active Directory, yakan zo da ƙa'idojinsa na asali: kalmar sirri kada ta gaza haruffa 7, a sauya ta duk kwana 42, a tuna 24 da suka gabata don kada a maimaita, a kuma cakuɗa manyan baƙaƙe da ƙanana da lambobi ko alamomi. Abin mamaki, tsawon shekaru adadin kuskuren da ke jawo kulle asusu yana zuwa ne a sifili, wato mai kutse yana iya ta canke ba iyaka.

Ba duk waɗannan ƙa'idoji ne suka jure bincike ba. A 2017 hukumar NIST ta Amurka ta ba da shawarar a daina tilasta sauyi na lokaci-lokaci sai in akwai shaidar ɓallewar sirri, a kuma riƙa auna sabuwar kalma da jerin waɗanda aka riga aka sace. Dalilin a fili yake: wanda aka matsa wa ya sauya duk wata, lamba ɗaya kawai zai ƙara a ƙarshe. Microsoft ma ya cire sharaɗin ƙarewar wa'adi daga shawarwarinsa a 2019.

Kulle asusu kuwa kaifi biyu gare shi. In an tsaya a kuskure uku, magabci na iya kulle ma'aikata baki ɗaya da gangan. Shi ya sa Microsoft ya ba da shawarar goma. Ko goman ma ba ta tare wanda ke gwada kalma ɗaya a kan dubban asusu, balle wanda ya riƙe kalmar gaskiya a hannu, kamar yadda ya faru a 2014. A ganina, nan ne tsawon kalma da cakuɗarta suke tashi a banza, sai mataki na biyu.

Hukumar kula da harkokin kuɗi ta Jihar New York ta mayar da wannan doka. Ƙa'idarta mai lamba 23 NYCRR 500 ta fara aiki ranar 1 ga Maris 2017, gyaran Nuwamba 2023 kuma ya wajabta tantancewa mai matakai ga duk mai shiga na'urorin kamfani daga 1 ga Nuwamba 2025, in ban da ƙananan kamfanonin da aka sassauta wa. A wannan rana ce kuma ya zama dole kamfani ya mallaki cikakken lissafin na'urorinsa, domin sabar da ba ta cikin lissafi ba mai duba saitinta.