Daga Dawanau Zuwa Bilma: Nisan Sama Daban, Na Ƙasa Daban

A kasuwar Dawanau da ke Dawakin Tofa, kan hanyar Katsina, kullum ana lodin gero da dawa da wake zuwa garuruwa masu nisa, har da na Nijar. Da malamin labarin ƙasa zai tambaye mu nisan da buhun gero zai yi kafin ya kai Agadas, me za mu ce? Amsa biyu ce: akwai nisan sama, wato miƙaƙƙen layin da jirgi ke bi, akwai kuma nisan ƙasa.

Na sama za mu iya lissafa shi a cikin aji. Layukan da ke kwance a taswira suna nuna yadda wuri ya yi nesa da tsakiyar duniya, kuma kowane digiri ɗaya kusan kilomita 111 ne. Dawanau na wajen digiri 12, Agadas na wajen 17, kuma kusan saitin arewa take da mu. Digiri 5 sau 111 ya ba mu kusan kilomita 550. Jirgin da ke cin kilomita 500 a awa zai kai cikin awa ɗaya da 'yan mintuna. Direban tirela kuwa sai ya bi ta Daura, ya tsallaka iyaka, ya ratsa Damagaram da Tanut, tafiyar kusan kilomita 700.

Yanzu mu matsa gaba. Daga Agadas zuwa Bilma, garin gishiri da dabino a arewa maso gabashin Nijar, nisan sama shi ma kusan kilomita 550 ne. A takarda tafiyoyin biyu tagwaye ne. Amma tsakanin Agadas da Bilma hamadar Tenere ce, babu kwalta, sai rairayi iyakar ganin ido. Ayarin raƙuman Buzaye kan tashi bayan damina da gero da sauran kaya, su biyo ta Fachi, su dawo da kantun gishiri. Zuwa kawai kan ci su mako biyu zuwa uku, domin rijiya ce ke zana musu hanya, ba taswira ba. Akwai filin sauka a Dirku, arewa da Bilma, sai dai wa zai biya kuɗin jirgi don buhun gero?

Ba hamada kaɗai ke ƙara nisa ba. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, Najeriya ta rufe iyakarta da ƙasar, ba ta buɗe ba sai Maris 2024. Agadas ba ta matsa ko taku ɗaya ba, amma ga ɗan kasuwar Dawanau ta koma kamar bangon duniya. Kowace kwana da mota ta ƙara a hanya, mai sayen hatsi ne zai biya ta, manomi kuma ya rasa ciniki.

Tun 1925 jirgin sama ya fara sauka a Kano, amma har yau abincinmu ta ƙasa yake tafiya. Saboda haka idan waya ta nuna mana nisan gari, mu tambaya: na sama ne ko na ƙasa? Ga aikin gida: ku ɗauki taswira da zare, ku auna Kano zuwa Maraɗi a miƙe, sannan ku bi titi ta Katsina da Jibiya, ku ga bambancin.