Sai ruwa ya yi kore: Yadda masuntan Texas ke karanta teku

A gaɓar tekun Galveston da ke jihar Texas a Amurka, akwai ranakun da tun gari bai gama wayewa ba za ka ga mutane jere cikin ruwa har ƙugu, kowa riƙe da sandar ƙugiya. Wata rana kuma ba ka ganin kowa. Abin da ke kawo su wani kifi ne mai ɗigo-ɗigon baƙi a gadon baya da suke kira tirawut, kuma yanayin ruwa ne ke gaya musu ranar fita.

Abu na farko da suke dubawa shi ne launi. Yawancin lokaci ruwan wannan gaɓa jajaja yake, saboda lakar da koguna ke kawowa, igiyar ruwa kuma tana tayar da ita. Idan iska ta lafa na kwana biyu ko uku, ko tana busowa a hankali daga kudu maso gabas, sai laka ta kwanta, ruwa mai launin kore ya matso har bakin yashi. Iskar kudu maso yamma kuwa dagula shi take yi. Wannan kifi ya fi farauta da ido, don haka idan ruwa ya gurɓace da wuya ya ga abin da aka jefa masa.

Na biyu shi ne ɗumi. Sai ruwa ya kai kusan digiri 21 a ma'aunin Selshiyas ƙananan kifaye da jatan lande ke cika gaɓar, shi kuma ya biyo su. Shi ya sa kakar ta fi ƙarfi daga Mayu zuwa Satumba. Da asuba, musamman idan teku na cikowa, yakan shiga kwarurrukan da ke tsakanin tudun yashi na ƙarƙashin ruwa yana jiran abinci. Tsuntsayen da ke faɗawa ruwa su ne ke tona asirin inda yake.

Sanin ruwa yana ceton rai ma. Akwai wata igiya da ke ja zuwa tsakiyar teku da ƙarfi. Wanda ta ɗauka kada ya yi kokawa da ita, ya yi iyo gefe har ya fita daga cikinta. Masunta kuma jan ƙafa suke yi a ƙasa maimakon takawa, don kada su taka wani faffaɗan kifi mai ƙayar dafi a wutsiya.

Shi kansa kifin yana buƙatar kariya. Tsananin sanyin watan Fabrairun 2021 ya kashe miliyoyin kifaye a gaɓar Texas. A 2024 hukuma ta rage abin da mutum zai ɗauka zuwa uku a rana, masu tsawon inci 15 zuwa 20. Ko ruwa ya yi kore yaya, na huɗu sai a mayar da shi teku.